Yamai, birnin da aka fara ginawa bisa takarda

Duk ɗan kasuwar Tamaske da ya taɓa shiga mota a tashar Tawa tun da jijjifi, ya ratsa Kwanni da Dogondutsi da Doso, ya sauka Yamai rana ta yi sanyi, ƙura har cikin kunne, don kawai a buga masa hatimi bisa wata takarda, ya taɓa tambayar kansa: wai wane ne ya ɗauki babban birnin ƙasa ya kai shi can gefen tabarma? Tafiyar ta kai kimanin kilomita 550 daga Tawa, ban da guntun da ke tsakanin Tawa da Tamaske. Mutumin Damagaram sai ya ci kusan 900, na Difa kuwa ya haura 1.300. Alhali daga Kwanni zuwa Sakkwato kilomita 100 ne ko ƙasa da haka.

Matasa da yawa da suka buɗe ido bayan samun mulkin kai suna zaton haka Yamai take tun zamanin kakanni, da fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu da gadoji, tana zaune bakin kogi. Ba haka abin yake ba. Akwai garuruwan da rijiya ta haifa, akwai waɗanda kasuwa ta haifa, akwai waɗanda takobi ya kafa. Ita kuwa Yamai, a matsayinta na babban birni, alƙalami ne ya haife ta. An fara ganinta cikin kan wasu mutane ƙalilan, aka zana ta bisa takarda, aka sa hannu a Faransa, sa'annan jama'a suka zo daga baya suna neman inda za su kafa bukka cikin zanen da ba a yi shi da su ba.

Sauya mazaunin mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma Adarawa ba su bukatar a ba su labarinsa. Bayan da Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar wajen ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa ta zauna Birnin Adar, kafin sarautar ta ƙare da zama Illela. Shehun malami Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya bi diddigin wannan cikin littafinsa na tarihin Adar kafin zuwan Nasara. Alkalawa, birnin Gobir, ya faɗi hannun masu jihadi cikin 1808, yau kufai ne. Shekara guda bayan haka Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi Maradi, Gobirawa suka yi Tsibiri. Sai dai a wancan zamani, in sarki ya tashi, da jama'arsa yake tashi: fatake da maƙera da marina da mahauta da malamai. Fada da kasuwa tare ake kafa su, ganuwa ɗaya ke kewaye su. Abin da Nasara ya zo da shi sabo shi ne raba wurin da ake mulki da wurin da ake ciniki.

Ƙarshen ƙarni na 19, in ana maganar birni cikin ƙasar da ake kira Nijar yau, Damagaram ake nufi. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa ana ƙera masa igwa, ayarin raƙuma daga Tarabulus na sauka ƙofarsa kafin su wuce Kano. Bakin kogi kuwa, garin da matafiya suka sani shi ne Sayi, garin malamai kuma mashigar fatake, inda Baturen nan Barth ya ƙetare cikin 1853. Inda Yamai take yau ƙauyuka ne na manoma da masunta da makiyaya, irin su Mawri da Kalle da Gaweye, da maƙwabtansu Gudel da Gamkalle da Saga. Da wani ya gaya wa attajirin Zangon Damagaram cewa jikokinsa za su riƙa zuwa waɗannan ƙauyuka neman izinin shigo da kaya, da ya yi masa addu'ar samun lafiya.

Faransawa sun shigo cikin 1899, kuma mutanen Kwanni ba su manta da abin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi musu ba. Cikin watan yuli na wannan shekara Damagaram ta faɗi. Amma akwai wani abu da ya shafi Adar kai tsaye, wanda ba a cika faɗa ba. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana wani baka mai nisan kimanin kilomita 160 kewaye da Sakkwato, ta bar abin da ke cikinsa hannun Ingila. Saboda haka sojan Faransa da ke son zuwa Damagaram daga bakin kogi ba shi da hanya sai ya zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna. Wannan ne ya sa aka kafa bariki a Tawa tun da wuri, kuma garuruwan Adar ne suka ɗauki nauyin wannan hanya da hatsinsu da raƙumansu da jakunansu da wuyan ƴaƴansu. Sai da aka sake zama cikin 1904 da 1906 kafin iyaka ta ja baya zuwa kudu, Kwanni da Madawa da Maradi suka shigo ɓangaren Faransa. Hanyar kwaltar da motoci ke bi yau daga Doso zuwa Maradi ƴar wannan yarjejeniya ce.

Hedikwatar mulkin soja ta yi ta kai da kawowa. Ta zauna Yamai cikin shekarun farko na ƙarni na 20, bayan wani kyaftin mai suna Salaman ya kafa bariki a wurin. Cikin 1911 aka mayar da ita Damagaram. Cikin 1922 Nijar ta tashi daga yankin soja ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta, aka naɗa Jules Brévié. Shi ne ya matsa, har aka fitar da dokar ran 28 ga watan disamba na 1926, wadda ta ɗauke babban birni daga Damagaram ta dawo da shi bakin kogi.

Dalilin da aka fi rubutawa shi ne ruwa, kuma ba ƙarya ba ne. Damagaram bisa duwatsu take, ƙishirwarta sananniya ce, ta kuma daɗe tana damun mutanenta har bayan mulkin kai. Amma ruwa ba shi kaɗai ya sa aka yi ƙaura ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kashe fataucin hamada, ya juya fuskar Damagaram gaba ɗaya zuwa kudu. Kilomita 240 ke tsakaninsu da Kano, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya, ga kuɗin Ingila na yawo cikin kasuwa fiye da na Faransa. Gwamnan Faransa da ke zaune a nan kamar baƙo yake a zauren maƙwabcinsa. Ga kuma rashin yarda: cikin 1906 Faransawa suka zargi sarki Amadu Ɗan Bassa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa, aka bar gadon sarauta babu sarki har 1923. A Yamai kuwa babu ganuwa, babu sarki mai tambari da ya gaji daula, babu tsofaffin gidajen attajirai masu wakilai a Kano da Tarabulus. Farar takarda ce, mai alƙalami ya zana abin da ya ga dama. Tana kuma kusa da Dahomai, ƙasar Faransa, wadda ke da bakin teku.

Akwai wata gaɓa cikin dokar ta 1926 da ta cancanci a tsaya a kanta. Dokar da ta kawo babban birni Yamai ita ce kuma ta yanko ƙasar Sayi da yankin Tera daga ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, ta haɗa su da Nijar. Da ba a yi haka ba, da gwamna ya leƙa ta tagarsa ya hango wata ƙasa a ƙetaren kogi. Wato maimakon a kai birni tsakiyar ƙasa, sai aka jawo ƙasa aka kawo wa birni. Mai shimfiɗa ya ga inda yake son zama, ya ja tabarma ta same shi.

Zanen farko na sabon birni bai ɓoye nufinsa ba. Akwai wani kwari da ake kira Gunti Yena, wanda ke gangarawa kogi. A gefe guda, bisa tudu inda iska ke kaɗawa, aka shata unguwar Nasara: tituna masu faɗi, itatuwa a jere, fadar gwamna da ofisoshi da gidajen ma'aikata. A ɗaya gefen aka bar ƴan ƙasa. Kwarin ya zama katanga ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba. Hannun da ya yi ginin kuwa na aikin tilas ne, domin a wancan zamani kowane sarki yana da adadin mazajen da zai bayar don aikin hanya da gini, kuma ba a soke wannan ba sai 1946. Wajen 1930 mutanen garin ba su wuce ƴan dubbai ba. Cikin 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar, yunwa ta kori mutane daga ƙauyuka, suka nufi inda suka ji akwai rumbun gwamna. Wannan shi ne karo na farko da yunwa ta ƙara wa Yamai jama'a, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Cikin 1935 gobara ta cinye bukkokin ƴan ƙasa, hukuma ta samu abin da take nema: aka tayar da unguwanni daga bakin kogi, aka yanka musu fegi a jere bisa tudu, aka ce a yi ginin ƙasa.

Da birni ya samu suna, sai kowa ya tashi nema masa asali. Mawri na cewa kakanninsu ne suka fara sauka. Kallawa na cewa nasu ne. Wasu na cewa sunan ya fito daga wata itaciya da ke bakin ruwa, wasu na cewa daga maganar wani shugaba ce da ya umarci mutanensa da zabarmanci su share nan su zauna, wasu kuma na danganta shi da mashayar wata tsohuwa. Kowane labari da masu riƙe da shi, kuma kowanne ya ƙara tsawo da ado tun daga ranar da garin ya zama na gwamna. Kada mai karatu ya ɗauka hirar dare ce kawai. A garin da gonar gero ke zama fegi, fegi ya zama miliyoyi, wanda aka yarda kakansa ne ya fara sare daji shi ne za a nema ranar da hukuma ta zo yanka filaye. Tarihi a Yamai yana da farashi, ana auna shi da mita.

Djibo Bakary ne magajin garin farko da aka zaɓa, cikin 1956. Ranar 3 ga watan agusta na 1960, da Diori Hamani ya karɓi mulkin kai, mutanen Yamai kimanin 30.000 ne. Don a gane ƙanƙantar wannan adadi, ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum 100.000 cikin ƙaramar hukumar Tamaske kaɗai. Har 1970 babu gada bisa kogin a Yamai, sai jirgin fito. Da aka buɗe gadar Kennedy cikin wannan shekara, ƙetaren kogi ya shigo gari, aka kai jami'a can. Sa'annan uraniyum ya zo. An fara haƙo shi a Arlit cikin 1971, farashinsa ya hau bayan ƴan shekaru, ya tarar da Seyni Kountché bisa mulki tun 1974. Yawancin manyan gine-ginen da tsofaffin ma'aikata ke tunawa na wannan zamani ne: otal ɗin Gaweye, zauren taro na ƙasa, benayen ma'aikatu da bankuna, ga babban masallacin da Libiya ta gina.

A nan ma akwai abin lura ga mutumin jahar Tawa. Masana'antar simintin ƙasar a Malbaza take, tana aiki tun tsakiyar shekarun 1960, kuma motocin siminti yamma suka fi dosa. Hanyar kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit don uraniyum aka yi ta. A wancan zamani manyan motoci na saukowa daga Agadas, su ratsa Tawa da Kwanni, in sun kai Doso su karkata kudu zuwa Gaya da Faraku da Kwatano. Ko Yamai ba su shiga. Kayan ya ratsa Adar bisa taya bai kwana ba, kuɗinsa kuwa ya kwana inda kayan bai taɓa takawa ba.

Amma birnin takarda bai taɓa zama shi kaɗai ba. Kusa da shi kullum akwai wani birni da babu shi cikin zane, kuma sunayen unguwanni sun isa shaida. Bukoki, sunanta ya faɗi abin da aka fara kafawa a wurin. Lazare sansani ne da aka tara waɗanda fari ya kora cikin 1973 da 1974, ya ƙare ya zama unguwa. Ƙidayar 1977 ta samu fiye da mutum 200.000 a Yamai. Farin 1984 ya zo, wanda jama'a suka sa wa suna El Buhari domin ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da koro baƙi, ya sake turo dubbai. Cikin 1988 an kusa 400.000, cikin 2012 an haura miliyan ɗaya. Babu wani zane da ya taɓa cim ma wannan gudu. Kafin a gama auna fili, an riga an haihu a cikinsa.

Cikin waɗanda suka cika garin, Adarawa ba baya ba ne. Da an gama girbi, samarin Keita da Buza da Madawa ke ɗaukar jaka su tafi bida, wasu Najeriya, wasu Kodibuwa, wasu Libiya, wasu Yamai. Su ne ƴan ga-ruwa da masu shayi da mahauta da masu kilishi da ƴan tebur da masu gadi da dillalan albasar Galmi. Wanda Allah ya buɗa wa ya samu rumfa, daga rumfa ya samu kanti, ya aika gida a turo masa ƙane. Da haka hausa ta zauna daram cikin kasuwannin garin da aka zaɓa don a nisanci Kano. Da babbar kasuwa ta ƙone cikin 1982, dukiyar mutanen gabas da yawa ce ta zama toka, kuma su ne suka raya Wadata, inda aka mayar da ƴan kasuwa kafin a buɗe sabon gini cikin 1987. Ƙaramar kasuwa ita ma ta ƙone cikin 2012. Wanda bai samu fegi bisa tudu ba ya gangara kwari ko bakin kogi, ruwan 2012 da na 2020 suka same shi a can.

Da farashin uraniyum ya faɗi farkon shekarun 1980, aka ga iyakar birnin da ke rayuwa bisa albashi. Ran 9 ga watan fabrairu na 1990 aka harbi ɗalibai bisa gadar Kennedy. Cikin 1991 aka yi babban taron ƙasa. Cikin janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata na bin gwamnati bashin albashin watanni. Duk wanda ya yi aikin gwamnati cikin waɗannan shekaru a Buza ko Keita ya san abin da ake nufi da bin dosiye. Malamin makarantar da ƙarin girmansa ya maƙale, ko matar da mijinta ya rasu tana neman haƙƙin marayu, sai su ci bashin kuɗin mota, su sauka gidan ɗan garinsu a Bukoki, su yi mako biyu suna zarya tsakanin ma'aikatar ƙwadago da ta kuɗi, a ce su dawo jibi. Nisan da aka zana cikin 1926 bai shiga lissafin kowane kasafi ba, aljihun ƙaramin ma'aikaci ne ke biyansa.

Najeriya ta yi irin wannan mafarki, amma ita da idonta biyu, kuma da dalilin da ya saɓa wa na Brévié. Cikin 1975 Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti ƙarƙashin mai shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas ta dace da zama babban birni. Ran 3 ga watan fabrairu na 1976 aka fitar da dokar da ta yanke kimanin murabba'in kilomita 8.000 a tsakiyar ƙasa, wurin da aka ce ba na Bahaushe ba ne, ba na Bayarabe ba, ba na Ibo ba. Har sunan ma aro aka yi. Abuja ta asali gari ne da Abu Ja, na gidan sarautar Zazzau da jihadi ya kora, ya kafa cikin 1828. Aka karɓe sunan aka ba sabon birni, tsohon gari ya koma Suleja. Wani kamfanin Amurka ya yi babban zane cikin 1979, wani magini ɗan Japan, Kenzo Tange, ya zana tsakiyar gari, Babangida ya tare ran 12 ga watan disamba na 1991. Abuja ta fi Yamai adalci wajen nisa, wannan babu musu. Amma ƙasar da aka ce babu mai ita tana da masu ita, Gwarawa da maƙwabtansu, waɗanda aka tayar. Kuma masinja da direba da mai shara da ke aiki cikin birnin ba su iya kwana cikinsa, sai Nyanya da Karu da Kubwa da Mararaba. Gunti Yena ce aka sake haƙawa, wannan karon da kuɗin haya.

Ƴan bidar Kodibuwa kuma sun ga nasu. Houphouët-Boigny ya mayar da ƙauyensa Yamusukuro babban birni cikin 1983, ya shimfiɗa tituna masu fitilu har cikin daji, ya gina majami'ar da Paparoma ya buɗe cikin 1990. Ma'aikatu da jakadu da kuɗi suka yi zamansu Abijan. Babu ɗan Adar da ya taɓa cewa zai tafi Yamusukuro neman arziki.

Ba sai an je nesa ba. Abin da ya faru tsakanin Damagaram da Yamai yana da ƙanensa tsakanin Tamaske da Keita. Tamaske ta fi jama'a, ta fi kasuwa, ƴaƴanta sun kafu a biranen Najeriya tun da daɗewa, amma kujerar hukuma Keita take. Da aka tsara ƙasa cikin 1964, Keita da Buza da Madawa suka zama mazaunin superefe, Tamaske ta zauna ƙarƙashin Keita. Da babban aikin raya karkara ya zo cikin 1984 da kuɗin Italiya, wanda ya farfaɗo da fako da tsaunukan Adar da Majiya, mata na ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci, sunan Keita ya ɗauka, ofisoshinsa da motocinsa da ma'aikatansa can suka zauna. Ba laifin mutanen Keita ba ne, kuma Tamaske ta amfana da aikin. Sai dai abin ya nuna yadda kujera ke jawo kujera: inda aka aje hatimi, nan ake kai asibiti, nan ake kai babbar makaranta, nan baƙo mai kuɗi ke sauka.

An yi ƙoƙarin rage wannan. Dokokin 2002 sun mayar da gundumomi jahohi, suka kafa ƙananan hukumomi fiye da 260, aka zaɓi kansiloli cikin yulin 2004, Tamaske ta samu magajin garinta. Takardar haihuwa da harajin kasuwa suka dawo kusa. Cikin 2010 Tawa da Maradi da Damagaram suka samu jami'o'insu, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga uban da a da sai ya tura ɗansa ƙetaren kogi. Amma an miƙa wa ƙananan hukumomi nauyi fiye da kuɗin ɗaukarsa, kuma cikin afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun da aka zaɓa, ta naɗa kantomomi. Baitulmali da manyan kotuna da ofisoshin jakadanci da hedikwatar bankuna da ta duwan duk suna inda Brévié ya bar kujerarsa.

Abin da zai ba mai karatu murmushi shi ne, cikin shugabannin baya-bayan nan babu wanda ya ƙawata Yamai kamar Ba'adare. Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, shi ne ya ƙaddamar da shirin Yamai Nyala: gadojin sama, sabunta filin jirgi, manyan otal da zauren taro don taron ƙungiyar ƙasashen Afirka na yulin 2019, ga gada ta uku da aka buɗe cikin 2021. An kuma zagaya da bikin 18 ga disamba jaha jaha, Tawa ta samu rabonta cikin 2017 da sunan Tawa Sakola, ta samu tituna da gine-gine. Amma biki kwana nawa ne? Su kansu attajiran Adar ba su da bakin ƙorafi sosai. Wanda ya tara kuɗi a Kano ko Abijan, in ya gina wa mahaifiyarsa gida a Tamaske ya gina masallaci, benen hayarsa Yamai yake kai shi, domin can ne fegi ke ninka kuɗinsa. Lissafinsa daidai ne, kuma kowane irin wannan lissafi ƙarin tubali ne ga zanen 1926.

Saura maganar teku, wadda ita ce rabin dalilin zaɓen wurin. Jirgin ƙasan Dahomai ya tsaya Faraku cikin 1936, bai ƙara gaba ba. Cikin shekarun 1950 Faransawa suka shirya wani tsari na tallafa wa motoci don gyaɗar Maradi da Damagaram ta bar hanyar Kano ta bi ta Kwatano, aka gina gadar Gaya da Malanbil cikin 1958. Tun daga nan ƙasar ke tafiya da ƙafa biyu da ba su san juna ba: kayan gwamnati da na manyan kamfanoni ta Kwatano, abincin talaka da cinikin gabas ta Najeriya. In an rufe ɗaya sai ƙasa ta yi ɗingishi. An gani cikin 1984, an gani cikin 2019 da Najeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara guda, an kuma gani bayan juyin mulkin 26 ga watan yuli na 2023, lokacin da hanyar Benin ta toshe, kayan Yamai suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, farashin shinkafa ya gaya wa kowa tsawon hanyar.

Cikin afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai da kiɗa da shugabannin maƙwabta, aka ce za a haɗa ta da Faraku. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo na kimanin kilomita 140 har Doso, aka gama farkon 2016, shari'a ta tashi a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin, komai ya tsaya. Dogon yana nan gefen hanyar mota. Fasinjan da ya taso daga Tawa, in ya wuce Doso ya samu kujerar taga, zai yi ta ganinsa har ya shiga gari, wani wuri rairayi ya rufe shi, wani wuri awaki na kwance bisansa.